Kwafi Biyu da Takardar Yafiya

Maƙwabciyata mai kitso ce ta fara ba ni labarin matar nan, kuma ba yabonta ta zo yi ba, ƙararta ta kawo. Kaina yana kan cinyarta, tana ja min gashi kamar ni na yi mata laifin, take ce min akwai wata mai injin kwafi a bakin titin kotu, in dai ina sauri kada in kuskura in shiga wurinta. Wai takarda ɗaya tak ta kai, ta makarantar ɗanta, matar ta tsare ta da tambaya: kin san abin da ke ciki, wa ya ba ki, ina naki kwafin? Kafin ta dawo, mata biyu da ke jiran kitso sun gaji sun tafi. Ta ce sunan da ake kiranta ma ya ishe ki labari, Kwafi Biyu. Ko ɗaya ka ce, biyu za ta miƙo maka, ta ce ɗaya na wanda ya aiko ka ne, ɗaya naka, ka kai gida ka ɓoye. Na yi dariya har mai kitso ta dungure min kai. Ban san wannan matar ce Allah zai sa ta tare min gidana ba.

Auta, rubuta yadda nake faɗa, kada ki gyara min magana.

Gidan da nake ciki ba wani babba ba ne. Ɗaki uku ne, da tsakar gida da bai fi a shimfiɗa tabarma huɗu ba, da famfon da sai ya ga dama yake kawo ruwa. Amma maigidana, Allah ya jiƙansa, shekara goma sha bakwai yana gyaran agogo kafin ya sa masa rufi. Da ya rasu aka raba abin da ya bari, gidan ya koma sunana, sai yara suka ce a kai takardun ofishin lauyoyi a adana, kada gara ta ci. Ofishin yana saman wani kantin magani, matakala ashirin da biyu, da gwiwoyina na ƙirga su. Ciki sanyi kamar firji, ga kujerun fata masu nishi in ka zauna, ga wani kifi ɗaya tilo a akwatin gilashi da ya ba ni tausayi. Suka ɗauki hoton takardun, da katina, da lambar wayata, har da dangwalen babban yatsana, suka ce duk sun zuba a kwamfuta, ko gobara aka yi ba abin da zai same su. Na sa musu albarka na sauko. Shekara shida ban sake hawa benen ba.

Sai wata safiya, na gama shara ke nan, na ji magana a jikin katangata. Na leƙa, sai ga maza biyu da abin awo, wannan ya riƙe can, wancan ya riƙe nan, suna auna min gida. Na ce sannunku da aiki, lafiya dai? Babban cikinsu wani mai sayar da tayoyi ne, mutum mai ladabi, har da ɗan rusunawa. Ya ce ai shi zai sayi gidan, yana duba inda zai fasa ƙofar shago. Ya ɗauka ni 'yar haya ce, har yana kwantar min da hankali wai ba zai tashe ni da gaggawa ba.

Na ce wa ya sayar maka? Ya ce mai gidan, wata dattijuwa da ta koma wurin 'yarta, ta hannun dillali suke magana a waya. Ya zaro takardu ya nuna min. Ni ban iya karatu ba, amma na san fuskata. Ga ni nan a jikin kati, da mayafin da na yafa ranar da aka ɗauki hoton. A ƙasan wata takarda kuma ga dangwale, wai nawa, wai na yarda a sayar. Mutumin ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton, sai abin awon ya suɓuce masa ya naɗe kansa da ƙara. Ya kira dillalin nan take, waya a kashe.

Ban gaya wa yara ba. Babban yana kan hanya da babbar mota, ba a ɗaga wa direba hankali. Auta kuma tana koyarwa a wani gari. Na yi alwala, na yi raka'a biyu, na ɗauki mayafi, sai ofishin lauyoyi.

Tun daga matakalar farko mutane ne, kowa da takarda a hannu, kowa fuska ba daɗi. A nan na ji wai ɓarayi sun shiga kwamfutar ofishin sun kwashe kome. Na tambayi wani ta taga suka shiga ko ta rufi, ya ce Mama, ko unguwar ma ba su zo ba. Ɓarawo yana zaune a ɗakinsa, wataƙila ma yana shan shayi, ya kwashe asirin mutum ɗari da wani abu, ƙofa kuwa ko taɓa ta bai yi ba. Wata baiwar Allah a gabana tana ta share hawaye, takardar rabuwarta da mijinta ce ke yawo a wayoyin mutane.

Da layi ya zo kaina, wani sabon lauya mai gilashi na samu, ban san shi ba. Ya saurare ni, ya girgiza kai, ya haɗa hannuwansa biyu ya ce, “Mama, abin nan ya fi ƙarfinmu. Don Allah ki yafe mana.”

To ni, duk wanda ya san ni ya san ba a haɗa ni da Allah sau biyu. Kullum sai na yafe wa wanda ya ɓata min, har masu ɗauke mana ruwan famfo. Na ce na yafe, duniya da lahira. Ya ji daɗi ƙwarai, ya janyo wata takarda da soson tawada mai shuɗi, ya ce to sai in dangwala musu a nan, takardar yafiya ce, kowa ma ya yi. Har na naɗe hannun riga. Sai sakatariyarsu ta ce a dakata, takardar ita kaɗai ta rage, kada a ɓata ta kafin a yi kwafi, ga shi masu gyara sun ce kada a kunna ko inji ɗaya a ofishin. Kuma ana son kwafin katina a liƙa a jiki. Yarinyar ga waya a kunne, ga mutane a kanta, na ga ba ta da sararin tashi. Na ce kawo, 'yar nan, in yo muku, ai tafiya lada ce.

Shago na farko da na gani a tsallaken titi shi na shiga. Ƙarƙashin matakalar wani bene ne, in kana da tsawo sai ka sunkuya. Inji ɗaya ya cinye rabin wurin, yana huci kamar murhu, ga warin takarda mai zafi, ga benci na mutum uku. Matar 'yar gajera ce, ta ba hamsin baya kaɗan, tabarau a rataye da zare, da wata 'yar roba a kan yatsanta da take buɗe shafi da ita. Na miƙa mata, na ce guda ashirin ake so, kuma ana jira na.

Ta ɗora tabarau, ta dubi takardar, ba ta ko buɗe murfin injin ba. Ta ce, “Yaya, kin san abin da ke ciki?”

Nan take na gane inda na faɗo. Na ce a raina, yau na shiga hannun wadda mai kitso take faɗa. Na ce mata na sani mana, takardar yafiya ce, ki taimaka ki buga min. Ta ce in zauna tukuna. Ta karanta ta sau ɗaya a yaren lauyoyi, bakinta yana motsi, sannan ta juya min ita da Hausa, layi layi, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Takardar cewa take yi wai ni da kaina na tabbatar ba wata cuta da ta same ni daga abin da ya faru. Wai ba zan kai su ƙara ko'ina ba, ba zan kira su shaida ba, ba zan nemi wata takarda daga gare su kan maganar ba, kuma ba zan gaya wa kowa ba. Ta tambaye ni me ya kai ni ofishin, na kwashe labarin masu awo na gaya mata. Ta cire tabarau ta ce in da na dangwala, ranar da zan tsaya in ce takardar sayar da gidan ta ƙarya ce, sai a zaro wannan a ce ga yatsana, na ce ba abin da ya same ni.

Duk da haka ban sauka daga kan bakana ba. Na ce ai na riga na furta. Na ce na yafe, Allah ya ji, mala'iku sun rubuta, ni ba zan haɗiye maganata don ɗaki uku ba.

Ta yi murmushi ta ce, “Yaya, tunda kike, an taɓa taka miki ƙafa a kasuwa, a ce ki yafe, sannan a zaro tawada?”

Na ce a'a.

“To Allah ma ba ya neman dangwale. Mai neman dangwale, wani abu yake so ki sakar masa. Kuma in tambaye ki, me kika yafe? Sun gaya miki abin da suka yi?”

Gaskiya ba su gaya min ba. Ban san ranar da aka yi satar ba, ban san me aka ɗauka ba, ban san ko sun rufe ƙofar tasu da kyau ko a buɗe suka bar ta ba. Ina jan carbi, sai na tuna gidan ma ba nawa ne ni kaɗai ba, amanar yara ce a hannuna. In na yafe ɓacin raina, nawa ne. Rufin da ubansu ya sa musu fa, da bakin wa zan yafe shi?

Ta ga na sauko, sai ta tashi kamar an kunna ta. Farko ta ce min ita ba lauya ba ce, in riƙe wannan, kuma ta faɗa ya fi sau goma a ranar. Amma ta san ƙofofi, kuma ba ɗaya ba ce. Ta zauna ta buga min wasiƙa zuwa ofishin: su faɗa a rubuce me aka ɗauka nawa, yaushe, yaushe suka sani, kuma su miƙo min takarduna na asali, don mai kaya yana da ikon karɓar kayansa ya kai wa wani lauyan. Ta ce in na kai, kada in sauko sai sun buga hatimi a kan nawa kwafin. Takardarsu kuwa ta yi min kwafinta ta ce in ɓoye, ta ce guda ashirin ɗin su nemi wani wurin, injinta ba ya cin irin wannan.

Na sake hawa matakala ashirin da biyu, kuma wallahi ban ji gwiwa ba. Na mayar musu da takardarsu fes, don amana ce, na ɗora wasiƙata a kai. Mai gilashi ya ce Mama ina dangwalen? Na ce yatsan ya gaji, ka buga min hatimi. Ya buga.

Da na dawo Kwafi Biyu ta riga ta rufe shago da rana tsaka, abin da maƙwabtanta suka ce ba su taɓa gani ba. Muka je wurin 'yan sanda aka rubuta. Muka je ofishin filaye, a nan ne na ga an riga an shigar da takardar ƙaryar tana jiran sa hannu. Ma'aikacin ya ce zai dakatar da ita kwana talatin, amma tunda dangwalen ya yi kama da nawa, sai na kawo shaida a rubuce daga lauyoyin cewa daga wurinsu aka sace shi, in ba haka ba hannunsa a ɗaure yake. Kwana talatin. Daga nan Kwafi Biyu ta kai ni wurin wata lauya mace da ke taimakon marasa ƙarfi, ofishinta ba sanyi ba kifi, sai fanka mai ƙara. Ita ce ta ce za a kai kuka wuri biyu, kwamitin da ke ladabtar da lauyoyi, da hukumar da ke kula da sirrin bayanan mutane. Ta ce ƙara a kotu ma tana nan, kuma ta fi nauyi in mutane da yawa suka haɗu. Har waɗanda suka riga suka dangwala ba su makara ba, in dai abin da aka gaya musu daban ne da abin da ke rubuce. Matsalar ita ce ofishin ba zai ba mu sunayensu ba.

Muna fitowa Kwafi Biyu ta tsaya cak a bakin titi, ta kama hannuna ta juya babban yatsana. Ta ce irin tawadar nan tana kwana uku ba ta fita, ko da sabulu. Ta ce ita ba za ta iya barin inji kullum ba, amma ni ina da baki da gaisuwa.

Washegari mai kantin magani ya ba ni kujera a gindin matakala. Duk macen da ta sauko sai in tashi in miƙa mata hannu, sannu 'yar'uwa, ya muka ji da wannan abu, ina gaisuwa ina leƙen yatsa. In na ga shuɗi sai in ce zo mu tsallaka ki ji wata magana. Ni da ban san ko harafi ɗaya ba, sai ga ni ina karanta yatsu kamar malama. Maza kuwa mai tayoyi ne ya ɗauki nauyinsu. Da kansa ya neme ni, ya ce shi ma an cuce shi, kuma kunyar auna min gida ba ta bar shi ba. Hannunsa kamar faranti, in ya riƙe mutum sai ya ga yatsan yake saki. Akwai wanda muka jawo har shago, ashe mai fenti ne, maganin tari ya zo saya. Kwafi Biyu ta ce tunda ya zo ya zauna, wataƙila shi ma wata rana.

A kan bencin nan na san ko wace ce ita, tsakanin wannan kwastoma da wancan. Ubanta marubucin wasiƙa ne, teburinsa a ƙofar gidan waya. Idonsa ya fara dushewa tana shekara tara, sai ta zama ita ke karanta wa mutane wasiƙun da suka zo musu, shi kuma yana gyara mata inda ta yi sauri. Ta ce bai taɓa rubutu ba tare da ya sa baƙar takardar nan mai fitar da kwafi a tsakani ba, don mai wasiƙa ya tafi da tasa. Abin da ya fi tsana shi ne mai karatu ya tausasa magana. In wasiƙa ta ce ba za a dawo ba, to a ce ba za a dawo ba, kada a ce sai an kwana biyu. Ta taɓa tausaya wa wata tsohuwa ta rage mata zafin wasiƙa, ya sa ta bi ta har gida ta sake karantawa daidai.

Da ta girma ta koyi keken rubutu, ta samu aiki a wani ofishin lauyoyi, ba wannan ba. Shekara goma sha tara tana buga musu takardu, har kwamfuta ta zo ta koye ta a wata biyu, ta fi samarin sauri. Rannan wani tsoho manomi ya zo sa hannu, ya tambaye ta a hankali, 'yata me aka rubuta? Ta karanta masa. Tsohon ya mayar da hularsa ya tafi bai dangwala ba. Kafin la'asar aka ce mata an ɗauke ta bugawa ne, ba karantawa ba, ta tattara kofinta da sallayarta. Ta ce ta yi kuka a hanya, amma da ta isa gida mijinta, wani mai gyaran fanka ne da ba ya haɗa kalma biyar a yini, ya ce mata to sai ki buɗe inda ba mai hana ki. Shi ya samo tsohon injin nan, shi yake lallaɓa shi har yau. 'Ya'yansu uku duk maza, ta ce ko ɗaya bai gado ta ba, ko takardar magani ba sa karantawa. Tana da zafi, ban ɓoye ba. Na ga ta kori wani mai babbar riga don ya ce ta yi aikinta ta rufe baki. Abinci kuwa a tsaye take ci, rabi a baki rabi a kan takardun mutane, sai ta hure.

A sati biyu muka tara mutum talatin da huɗu. Sai lokacin na gaya wa yara. Babban ya yi faɗa a waya har na ɗaga ta daga kunnena, Auta kuma ta taho a ranar. Ofishin lauyoyin kuwa shiru, yau a ce babban lauyan ya yi tafiya, gobe a ce ana dubawa. Ina ƙirga kwanaki a carbi. Ashirin ta wuce, ashirin da biyar ta wuce. Abinci ya daina shiga. Kwafi Biyu kullum sai ta ce, “Yaya, ci. Mai ƙara ba ya zuwa da yunwa, sai a ɗauka shi ne mai laifin.”

Ranar ashirin da bakwai kwamitin ya kira mu. Ɗaki ne mai dogon tebur, mutum uku a bayansa, ta tsakiya wata dattijuwa mai furfura da ba ta ɗaga murya. Mu kuma mun cika benci har ƙofa, mai tayoyi a tsaye don ba wurin da zai ɗauke shi. Babban lauyan ya zo da kansa, ya tsufa fiye da yadda na san shi, mai gilashi a gefensa. Lauyarmu ta yi magana, sannan aka ce in tashi. Na faɗi kome yadda ya faru, har da cewa ni na ce a kawo in yo kwafi. Aka yi dariya, har ta tsakiyar.

Sai ta miƙa wa mai gilashi takardar yafiyar, ta ce ya karanta min ita da Hausa, da ƙarfi, yadda zan ji. Ya fara. Na tabbatar ba wata cuta da ta same ni. Ba zan kai ƙara ba. Ba zan nemi shaida ba. Da ya kai ƙarshe ta ce, “A wane layi yafiyar take? Ban ji ta ba.”

Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya goge gilashi. Babban lauyan ya miƙe ya roƙi a ba su ɗan lokaci. Ba a yi awa ɗaya ba suka dawo da takarda mai hatimi: ranar da aka yi satar, da jerin abin da aka ɗauka nawa, har da hoton dangwalena, ga kuma takarduna na asali a cikin ambulan. Kwamitin ya ce a daina ba kowa waccan takardar, sauran magana kuma za su ci gaba da zama a kai.

Kwafi Biyu ta karɓi takardar mai hatimin daga hannuna ta karanta min a tsaye a baranda, ta ce daidai ne, ofishin filaye kuma saura minti arba'in su tashi. Na ce ai da sauran kwana uku. Ta ce ita ba ta yarda da gobe ba in takarda tana hannu. Mai tayoyi ya ce ga mota. Gaba mutum ɗaya take ɗauka, muka tura lauyarmu can, ni da Kwafi Biyu muka hau baya muka zauna cikin tayoyi, ni tsohuwa mai jikoki shida. Iska tana fizgar mayafina, ita ta danne ambulan a ƙirji da hannu biyu, tana yi wa direba tsawa ya bi ta hagu. Na yi dariya har da hawaye, rabon da in yi irinta tun maigida yana raye. Muka tarar da ma'aikacin yana sa makulli a aljihu. Ya duba, ya koma ya zauna, ya ja layi biyu a kan takardar ƙaryar, ya buga hatimi. Ƙarar hatimin nan har yanzu tana kunnena. A nan ƙasan ofishin na yi sujada, ban damu da ƙura ba.

Bayan kwana biyu babban lauyan ya yi sallama a ƙofar gidana, shi kaɗai. Ya zauna a tabarma da kwat ɗinsa, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Ya ce mai kula musu da kwamfuta ya gargaɗe shi sau biyu a gyara, shi ya riƙa cewa wata mai zuwa. Ya ce sati uku suka yi da sanin satar kafin su faɗa. Takardar nan kuma shi ya sa a rubuta, tsoro ne ya kama shi. Ya ce in yafe masa, kuma na duba hannunsa, ba tawada.

Na ce, “Yanzu na san abin da nake yafewa. Na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya.”

Ya yi ajiyar zuciya, ya ɗan jira, sannan ya ce to maganar ƙarar da muka haɗu muka shigar fa? Na ce wannan tana nan daram, mutum talatin da huɗu ne, kowa da nasa ciwon, kuma in ba a tsaya an gyara ba gobe wata ce za a auna wa gida. Na kawo masa ruwa ya sha, muka rabu lafiya. Ƙarar tana kotu, an sa mana rana. Ɓarawon da dillalin har yau 'yan sanda suna nema.

Ita kuwa Kwafi Biyu ba ta zauna ba. Kwamitin ya sa an fitar da sunayen duk waɗanda suka dangwala, sai aka ga akwai mutum goma sha ɗaya da suka riga mu, tun kafin in zauna a gindin matakala. Wasu sun sauya waya saboda masu kiran damfara, wasu sun tashi daga unguwa. Kullum in ta yi la'asar sai ta bar mijinta a kan inji, ta ɗauki jaka da jerin sunayen ta shiga lunguna. Ta samo bakwai. Jiya ta biyo ta nan ta sha ruwa a tsaye, ta ce ta ji labarin ta takwas, wata mai wanki da guga ce a bayan tashar mota, yau za ta je ta karanta mata takardar da ta dangwala.